Sandunan Ja, Silaida ko Mai Mota: Wace Kwantirola Ta Dace da Sarrafa Sautin Ogan Ana Cikin Kiɗa?

Ogan irin na Hammond ba ya jin ƙarfin yatsa. A fiyano, in ka taɓa madanni a hankali sauti ya fito a hankali, in ka buga da ƙarfi ya ɗaga murya. A ogan kuwa, ko lallaɓa madannin ka yi ko dukansa, ƙarar ɗaya ce. Abin da ke sa sautin ya yi numfashi yana wajen hannun hagu da ƙafar dama: a jawo wata sanda, a mayar da wata, a taka feda, a sauya gudun Leslie, wato lasifikar ogan mai juyawa, duk ana tsakiyar waƙa. Shi ya sa mutum zai saka manhajar ogan mai tsada a kwamfuta amma ya ji abin a sandare. Linzamin kwamfuta sanda ɗaya yake iya ja a lokaci guda, makaɗin ogan kuwa da yatsu huɗu yake kamo sanduna huɗu. Kwantirola, wato na'ura mai silaidu ko sanduna da ke aika umarni ga manhaja, ita ce ke ba hannu wurin kamawa, kuma irinta sun yi yawa a kasuwa har mai saye ya ruɗe.

Abin da ake son kamawa

Laurens Hammond ya fito da ogan ɗinsa a 1935, kuma samfurin B-3 da aka fara ƙerawa a 1954 shi ne kusan duk manhajoji suke kwaikwayo. Kowane jerin madannai yana da sandunan ja 9, an yi musu suna da tsawon bututun ogan na coci: 16', 5 1/3', 8', 4', 2 2/3', 2', 1 3/5', 1 1/3' da 1'. Biyun farko ruwan ƙasa ne, su ke ba da kauri. Farare huɗu, wato 8', 4', 2' da 1', duk nota ɗaya suke faɗa a okteb daban-daban. Baƙaƙe uku su ne masu yaji: in ka danna do, 2 2/3' da 1 1/3' suna ba da so, 1 3/5' kuma tana ba da mi can sama. Kowace sanda tana da matsayi daga 0 zuwa 8, kuma tsakanin mataki da mataki kusan desibel 3 ne, bambancin da kunne ke ji sarai.

Abu biyu za ka riƙe daga nan domin su za su yi ta dawowa. Na farko, sanduna tara ne, ba takwas ba. Na biyu, wajen ƙirjinka ake jawo su don ƙara ta ƙaru, akasin silaidar mikisa da ake turawa gaba. Ana rubuta saiti da lambobi tara a jere. 888000000 na nufin ukun farko a waje gaba ɗaya, sauran a ciki, saitin da Jimmy Smith ya yi suna da shi a jaz. 888888888 kuma ogan ne ya buɗe baki duka, wanda ake ajiyewa sai waƙa ta kai ƙololuwa.

Ban da sanduna akwai fakoshin, wani ɗan "ƙyas" da ke fita a farkon nota, mai maɓallai huɗu: kunnawa, ƙarfinsa, saurin mutuwarsa, da zaɓi tsakanin murya ta biyu da ta uku. Akwai baibirato da koras masu matsayi shida, V1 zuwa V3 da C1 zuwa C3. Akwai gudun Leslie, sai fedar ƙara. Kwantirolar da ta ba ka sanduna kawai ba ta gama aiki ba.

Da wa za ta yi magana?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata ta riga kallon hoton kowace na'ura, kuma nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta.

Idan sautin yana fitowa daga kwamfuta ne, misali VB3-II na GSi, ko Hammond B-3X na IK Multimedia, ko B-3 V na Arturia, ko Vintage B3 da ke cikin Logic da MainStage, ko setBfree da ake samu kyauta, to hanya a buɗe take. Kowace kwantirola mai USB za ta shiga, kuma yawancin manhajojin suna iya koyon MIDI, yaren da kayan kiɗa na lantarki ke magana da juna da shi: ka nuna sanda a allo, ka motsa silaida, su haɗu.

Idan kuwa sautin na cikin kibod ne ko wani ƙaramin akwatin sauti, to a nan gizo ke saƙa. Ƙananan kwantiroli masu USB kaɗai ba sa iya magana kai tsaye da ramin USB TO HOST na kibod, domin su biyun duk bayi ne, kowanne yana jiran ubangida ya fara magana, ubangidan kuma kwamfuta ce. Ko ka samo wayar da bakinta ya shiga nan ya shiga can, shiru za ka ji. Sai an sa wani akwati a tsakani, irin MIDI USB Host na Kenton, wanda ke ba kwantirolar wuta ya kuma mayar da maganarta zuwa wayar MIDI mai ƙafa 5. Kuma in kibod na dabam ne ke aika noti zuwa akwatin sautin, ramin MIDI IN ɗaya ba zai ɗauki waya biyu ba sai da na'urar haɗe saƙonni.

Ko waya ta haɗu, saura yare. MIDI, wanda aka kafa a 1983, yana aika motsin silaida da saƙon CC mai lamba daga 0 zuwa 127, amma kamfanoni ba su taɓa yarda da lamba ɗaya ga sanduna ba. Jerin VK na Roland yana amfani da CC 70 zuwa 78. Tsohuwar manhajar B4 ta Native Instruments ta ɗauki 12 zuwa 20 ga jerin sama, 21 zuwa 29 ga na ƙasa. Nord Electro na farko-farko sun yi amfani da 16 zuwa 24. Wasu ogan na Hammond-Suzuki kuma sun cusa duk sandunan sama tara a cikin CC 80 guda ɗaya, inda 0 zuwa 8 ke nufin sanda ta farko, 9 zuwa 17 ta biyu, haka har ƙarshe. Saboda haka kwantirolar da ba a iya sauya mata lambar CC, da iyakar ƙasa da ta sama na kowace silaida, ba abin saye ba ce ga mai na'urar ƙarfe.

Masu kibod ɗin Yamaha na jerin PSR-S da SX, waɗanda suka cika coci-coci da situdiyo da wuraren biki a Arewa, su lura da kyau. Muryar Organ Flutes da ke ciki tana da sanduna a allo, amma ba da CC ake motsa su daga waje ba, da saƙon SysEx ne, wato saƙon MIDI na musamman da kowane kamfani ke tsara wa kayansa. Kwantirola mai araha ba ta aika shi. Sai an bi ta manhajar fassara irin Bome MIDI Translator, a rubuta ƙa'ida ga kowace sanda. Wahalar ta fi ribar. Abin da ya fi sauƙi shi ne a mayar da PSR ɗin madannai kawai: a haɗa shi da laftof, a kashe Local Control don kada sautinsa ya fito, manhaja ta ba da ogan, kwantirola ta shiga wani ramin USB ɗin.

Masu silaida takwas

Korg nanoKONTROL2 tana cikin waɗanda suka fi yawa a hannun mutane: silaida 8, abin murɗawa 8, maɓallai 24 a gefen silaidun, ba ta da nauyi, tana shiga jakar laftof. Novation Launch Control XL ma silaida 8 gare ta, amma dogaye ne, milimita 60, sun fi daɗin tsayarwa a tsakiyar hanya.

Matsalar a fili take, sanda ɗaya ba ta da gida, dole a kai ta kan abin murɗawa. Wace za a kora? Ya danganta da kiɗanka. A B-3, da zarar an kunna fakoshin, sanda ta tara mai 1' tana yin shiru, kuma manhajoji masu kwaikwayon gaskiya haka suke yi. To wanda kullum fakoshin ɗinsa a kunne yake bai yi asarar komai ba in ya tura 1' gefe. Amma mai kiɗan coci, wanda ke son wannan siririn fito na 888000008 a kan muryar mawaƙa, yana bukatar 1' a ƙarƙashin ƙaramin yatsansa. Shi gara ya kori 1 3/5' ko 1 1/3', waɗanda ba a cika taɓa su su kaɗai ba. Illar dai ita ce hannu zai saba da jeri na ƙarya, ranar da ya hau ogan na gaske sai ya riƙa kamo sandar da ba ita ba.

Akwai tarkon da nanoKONTROL2 ke zuwa da shi daga kamfani. Silaidunta suna aika CC 0 zuwa 7. CC 0 shi ne na zaɓen bankin muryoyi, CC 1 na tayar modulashin da ke jikin kibod ne, wanda manhajoji da dama suka ɗaura wa gudun Leslie, CC 7 kuma ƙarar tashar ce gaba ɗaya. Sai mutum ya ja silaida ta biyu Leslie ya tashi da gudu, ya ja ta takwas sauti ya ɓace, ya ɗauka na'urar ta lalace. A buɗe Korg Kontrol Editor a mayar da su lambobin da manhajar ke jira, sannan a sa iyakar ƙasa 127, ta sama 0, don ja wajen ƙirji ya zama ƙari. In kuma manhaja ba ta ganin CC ko kaɗan, na'urar tana yanayin sarrafa situdiyo ne: a cire USB, a danne SET MARKER da CYCLE tare, a mayar da wayar ana danne da su. Abin dariya, nanoKONTROL ta farko ta 2008 silaida 9 gare ta. Wanda ya ci karo da ita a gwanjo tana da lafiya, ta fi ƙanwarta dacewa da ogan.

A kula kada a juya sau biyu. setBfree, wanda ke jiran sandunan sama a CC 70 zuwa 78, ya riga ya juya su da kansa. In ka juya a kwantirola kuma, ka koma gidan jiya.

Masu silaida tara

Akai MIDImix tana da silaida 8 da ta tara ta babban sauti, ga abin murɗawa 24, fiye da abin da ogan zai taɓa bukata. Silaidun gajeru ne, milimita 30. Raba 30 gida tara, kowane mataki bai kai milimita uku da rabi ba, don haka tsayar da sanda a kan 5 cikin duhun dandamali sai an yi sa'a. Amma tana da maɓallin Send All da ke aika matsayin komai lokaci guda, kuma amfaninsa zai bayyana a ƙasa. USB kaɗai gare ta.

Hanya ta biyu ita ce kibod ɗin MIDI mai silaida 9 a jikinsa: Arturia KeyLab, Nektar Impact LX mai madannai 49 ko 61, M-Audio Oxygen, Novation Launchkey, Roland A-800PRO. Kasancewar silaidu tara a kansu ya yi wa mai ogan daidai, har tsofaffin M-Audio Axiom suna da yanayin juya su gaba ɗaya don wannan aikin. Ga wanda bai mallaki madannai ba tukuna, wannan ce hanyar da muke ganin kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu: waya ɗaya, jaka ɗaya. A duba abu biyu kafin a biya. Silaidun su kasance a hagu ko tsakiya, domin hannun hagu ne ke zuwa musu yayin da dama ke riƙe da waƙa. Sannan a leƙa baya a ga ko akwai ramin fedar ƙara ban da na sasten, fedar da ke riƙe nota, domin ƙananan samfura da yawa na sasten kaɗai gare su. Madannai masu nauyi irin na fiyano 88 kuwa ba su dace ba. Shafa madannai da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, wanda shi ne rabin daɗin ogan, yana ci wa mutum fata a kansu. Na ogan na gaske bakinsu a daidaice yake ba leɓe, kuma suna fitar da sauti tun kafin su kai ƙasa.

Sandunan ja na gaske

Crumar na Italiya yana da D9U, sanduna 9 masu USB, da D9X mai ƙarin maɓallai. Ocean Beach Digital DB-1 ya yi suna wajen masu Nord da ba su da sanduna a jiki. Ferrofish B4000+ kuma sanduna ne da sautin ogan a akwati guda, ba ya bukatar kwamfuta.

Me ake biya wa ƙarin kuɗin, tunda saƙon da suke aikawa CC ne kamar na kowa? Siffa. Kan sanda yana da ƙugiya da yatsa ke maƙalewa, kuma sandunan a matse suke kusa da juna, ta yadda hannu ɗaya zai rufe huɗu ko biyar ya jawo su tare, ko ya kwantar da gefen tafi ya mayar da su duka da bugu ɗaya. Silaidun mikisa an ware su ne don kada a taɓa biyu bisa kuskure, wato akasin abin da makaɗin ogan ke so. Ga launuka: ido na ganin fari da baƙi ya san inda yake ba tare da ƙirga ba. Ga lambobi a jikin sandar, ana karanta 6 ko 4 kai tsaye. Wanda ogan ne babban kayan kiɗansa, kuma yake sauya saiti sau da yawa a waƙa ɗaya, zai ji bambancin a makon farko. Wanda ke sa ogan a bayan waƙa ɗaya cikin goma, yana barin saiti ɗaya daga farko har ƙarshe, kuɗinsa zai fi amfani a wani wurin.

Raunin su shi ne tara kawai suke. B-3 na da jeri huɗu na tara, biyu ga kowane jerin madannai, da sanduna biyu na fedar bes, jimla 38. Mai kiɗa da jeri biyu zai riƙa danna maɓallin sauyawa tsakanin sama da ƙasa, kuma nan ne matsala ta gaba take shigowa. A aikace, jerin ƙasa ba a cika taɓa shi ba: a ajiye shi a 838000000 ko makamancinsa a cikin saiti, a bar sandunan ga jerin sama. Tashoshin MIDI da aka saba su ne 1 ga sama, 2 ga ƙasa, 3 ga bes.

Tsalle, da batun masu mota

Duk silaida ko sandar da ba ta motsa kanta tana da ciwo ɗaya. Ka kira ajiyayyen saiti mai 888000000, amma silaidunka suna nan inda ka bar su a waƙar baya, ta uku tana kan 2. Da ka taɓa ta kaɗan, sauti ya faɗo daga 8 zuwa 2 nan take, desibel wajen 18, kowa a zauren ya ji.

Magani uku ne. Na farko, yanayin ɗauka: manhaja ta yi biris da silaida har sai ta iso inda saitin yake, sannan ta kama. Ableton Live yana da shi a ƙarƙashin Takeover Mode, FL Studio kuma a zaɓin Pickup. Ba tsalle, amma akwai lokacin da kake ja ba abin da ke faruwa, kuma a tsakiyar kiɗa wannan ma ruɗani ne. Na biyu, a daina dogara da ajiyayyun saiti, a bar silaidun su zama gaskiya: abin da ido ya gani shi kunne ke ji. Haka tsofaffin makaɗa suke yi, kuma nan Send All na MIDImix ke aiki, domin bayan buɗe manhaja danni ɗaya zai daidaita allo da hannu. Mu wannan muka fi yarda da shi ga mai kiɗa a gaban jama'a.

Na uku shi ne silaida mai mota, wato mai ɗan injin da ke motsa ta da kanta. Behringer X-Touch Compact na da guda 9 masu tsawon milimita 100, da ramukan MIDI, da ramin fedar ƙara da na maɓallin ƙafa. A takarda ita ce cikakkiya: ka sauya saiti, silaidu su tafi wurinsu da kansu. A aikace sai an cika sharuɗɗa. Dole manhajar ta mayar da CC zuwa ga kwantirola duk lokacin da saiti ya sauya, kuma ba kowace ke yin haka ba, musamman in tana zaune a cikin wata manhajar situdiyo. Idan ba a tsara hanyar komawar da kyau ba, saƙo ya riƙa zagaye, silaida ta dinga kokawa da yatsanka. Dole a cire ta daga yanayin MC, wato Mackie Control na sarrafa manhajar situdiyo, domin a can silaidun ba CC suke aikawa ba, saƙon lanƙwasa nota ne. Tana bukatar wutar soket, ba ta USB ba, don haka in wuta ta ɗauke laftof zai ci gaba da batirinsa ita kuwa ta mutu. Sannan milimita 100 ya yi wa ogan tsawo, jan sanduna huɗu daga 0 zuwa 8 ya zama aikin hannu duka maimakon na yatsu. Ta dace da mai situdiyo da zai yi mikisin da ita da rana ya taɓa ogan da dare. Don ogan kaɗai, ba mu ba da shawararta ba.

Kamfanonin kibod sun warware abin ta wata hanya. Nord ya daɗe yana amfani da maɓallai da fitilu maimakon sanduna, saiti kullum daidai yake a ido amma hannu ba ya samun abin damƙa, har sai da ya kawo sanduna na gaske a C2D da Electro 4D a 2012. Yamaha YC61 na 2020 ya haɗa biyun, sanduna da fitilun da ke nuna inda saitin yake.

Ƙera taka

Ga mai hannu a lantarki wannan aikin kwana biyu ne. Ana bukatar allon Arduino mai ƙwaƙwalwar ATmega32U4, domin shi kwamfuta ke gani a matsayin na'urar MIDI kai tsaye ta laburaren MIDIUSB. Uno ba zai yi ba: ramukan analog 6 gare shi kuma ba ya yin MIDI ta USB sai da dabara. Pro Micro na da 9 cif, A0 zuwa A3 da A6 zuwa A10, sun ishi sanduna amma ba saura. Leonardo na da 12, akwai wurin feda. Silaidun su zama B10K masu milimita 60. Harafin B na nufin tafiya daidai wa daida. In aka sayi A10K na ƙarar rediyo, matakai shida za su cunkushe a ƙarshe ɗaya. Ƙafa ɗaya zuwa 5V, ɗaya zuwa ƙasa, ta tsakiya zuwa ramin analog, kuma juya ƙafafun gefe biyun shi ne juya alkibla ba tare da taɓa lamba ba.

Allon yana karanta 0 zuwa 1023. A raba gida tara, kowane gida kusan 114, a aika saƙo sai in gida ya sauya. Abin da ke ɓata aikin shi ne rawa: silaida ta tsaya a kan iyakar gida biyu, karatun yana kai-komo da lamba ɗaya ko biyu, sanda a allo ta riƙa ƙifta tsakanin 5 da 6, sauti yana karkarwa. A sa kapasita 100nF tsakanin ƙafar tsakiya da ƙasa, a kuma rubuta cewa kada a sauya gida sai karatu ya ƙetare iyaka da lamba 10 ko 15.

Ƙafa ta fi hannu

In kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, feda za a fara saya, ba sanduna ba. Ogan mai saiti ɗaya da feda a ƙarƙashin ƙafar da ta iya ya fi ogan mai sanduna 38 da ba feda. A ɗaura ta a kan CC 11, ko kan fedar da ke cikin manhajar kanta, kada a kan CC 7 ko silaidar mikisa. Dalili: fedar Hammond tana gaban amfilifaya ne, in ka taka ta gurnanin bututu yana ƙaruwa tare da ƙara, in ka ɗaga kuma sauti ba ya mutuwa gaba ɗaya, kaurinsa yana nan. CC 7 rage ƙarar komai kawai yake yi kamar rediyo.

Fedoji ba su da waya iri ɗaya. A Roland EV-5 ƙafar tsakiya ta fotenshiyomita tana kan tsinin filogi, a Yamaha FC7 tana kan zoben. In aka sa ta Yamaha a ramin da ke jiran irin ta Roland, sai a ga rabin tafiyar ba komai, sauran kuma ya yi tsalle, ko ta ƙi kaiwa 127. M-Audio EX-P na da ɗan maɓalli a ƙasa na sauya wannan. FC7 ta fi nisan tafiya da nauyi, ba ta gudu a ƙasa, shi ya sa masu ogan suka fi son ta in ramin ya yarda.

Sai Leslie. Akwatin da Donald Leslie ya ƙirƙiro yana raba sauti a 800Hz: na sama ya tafi ƙaho mai juyawa, na ƙasa ya tafi ganga. A hankali suna juyawa kusan sau 40 zuwa 50 a minti, da gudu kuma ƙahon yana kaiwa wajen 400. Ƙahon na kai cikakken gudu cikin kusan daƙiƙa ɗaya, gangar mai nauyi tana ɗaukar daƙiƙoƙi, kuma wannan tsakanin, lokacin da ɗaya ya riga ɗaya, shi ne abin da ake nema. Don haka makaɗi yana sauya gudu sau da yawa, kuma abin sauyawar dole ya kasance inda ba sai an duba ba. Ogan ba shi da sasten, to fedar sasten, CC 64, ta zama ta Leslie. A zaɓi ɗaya: ko gudu muddin ana take da ita, ko taki ɗaya ya kunna taki na biyu ya kashe. In maɓallin kwantirola ne, a lura ko na riƙewa ne ko na sakewa. Na sakewa yana aika 127 in an danna, 0 in an saki, sai fakoshin ya kunnu ya mutu da ɗaga yatsa. Fakoshin da koras na son na riƙewa, wanda ke zama a kunne har sai an sake danna shi. Kuma kada a taka feda lokacin kunna kibod, yawancinsu a lokacin suke gane alkiblarta, sai komai ya koma a juye.

Jinkiri, ƙura, da gwajin kasuwa

Ogan ba ya yafe jinkiri domin notinsa a take yake fita. Bafa, wato guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, mai 128 a 48kHz daƙiƙa 0.0027 ce, ba a ji. Mai 512 a 44.1kHz ta haura 0.011, kuma da an haɗa da na katin sauti yatsa zai fara jin kamar yana taka laka. A Windows sai da direban ASIO. In ana jin zuuu a lasifika lokacin da laftof ke kan caji da janareta, a cire cajar a saurara: in ya ɗauke, ta ƙasan waya yake shigowa, akwatin DI mai maɓallin ɗage ƙasa ne maganinsa.

Silaida buɗaɗɗen rami ce, ƙurar hunturu kuma ba ta neman izini. Alamar ta shiga ita ce sanda na motsi a allo ba wanda ya taɓa ta. A rufe na'ura da ƙyalle in ba a aiki, a hura ramin da iska, a yi amfani da feshin da aka yi don silaida. Fetur ko man keke yana cinye layin gawayin da ke ciki.

Mai sayen ta hannu ya tafi da laftof ɗinsa da manhajar kallon saƙonni irin MIDI-OX. Ya ja kowace silaida a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tabbatar ta fara a 0 ta ƙare a 127, domin wadda ta tsaya a 119 tana iya kasa ba da mataki na ƙarshe a wasu manhajojin. Ya ɗauke hannu ya ƙirga daƙiƙa 30 yana kallon allo: duk layin da ya fito a lokacin, silaida mai rawa ce, kuma lambar CC ɗin za ta nuna wacce. Sannan ya girgiza wayar USB a bakin raminta yana jan silaida ɗaya. A ƙananan kwantiroli wannan ramin ne ya fi saurin sakin jiki, in saƙo ya yanke ko fitila ta ƙifta, a ajiye ta a nemi wata.